Da Sauƙi

Maigidana, ko gini ne ya faɗo masa a ka, in ka tambaye shi lafiya lau zai ce maka. 'Yan kasuwar Adjamé suna kiransa Maiwada mai nama, ni kuwa Alhaji nake ce masa tun kafin ya ga Makka da idonsa. Tun da aka kawo ni Abidjan daga Katsina ina amarya muke zaune a Saint-Michel, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya da maƙwabta iri-iri, kuma duk tsawon zaman nan ban taɓa jin bakinsa ya ce wayyo ba. Da ina yarinya abin yana burge ni. Da na girma sai ya koma ba ni haushi, don mutumin da ba ya raki wahalar jinya gare shi.

Ciwon suga ya kama shi shekarun baya, aka ɗora shi a kan magani a wani asibiti da ke Treichville, can ƙetaren gada. Likita ya ja masa kunne cewa mai suga ƙafarsa ita ce ransa. Alhaji ya ce to. Washegari ya koma teburinsa da silifas, cikin ruwa da jini da ɓaraguzan ƙashi, kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Ana nan wata rana tsinin ƙashin saniya ya huda silifas ɗin, ya shige masa ƙarƙashin babban yatsan ƙafar dama. Bai gaya mini ba. Sai da na ga yana taka ƙafar a karkace in zai yi alwala.

'Yarmu Sharifa ce ta raka shi asibiti. Tana aure a Williamsville, a nan aka haife ta, kuma Faransanci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa. Aka wanke ciwon, aka naɗe, sannan aka yi musu bayanin sabon tsari. Da can, mutum sai ya yi sammako ya kama layi, ya yini a kan benci, wani lokaci ya dawo bai ga kowa ba. Yanzu an ce an daina wannan. Za a riƙa kiran maras lafiya a waya kowane mako a ji yadda yake, wanda jikinsa ya fi tsanani a ba shi rana kusa, wanda ya samu dama a ɗaga masa. In faɗi gaskiya, na yi murna. Duk wanda ya taɓa zaman bencin nan zai yi murna.

Aka ce su zaɓi harshen da za a riƙa kiransa da shi. Akwai Faransanci, akwai Jula, akwai Baule, har da Hausa. Sharifa ta dawo tana ba ni labari bakinta har kunne.

"Mama, kin ga ci gaba? Har da Hausa fa. Na zaɓa wa Papa ita, tunda faransensa bai wuce kilo da demi-kilo ba."

Kiran farko ya zo bayan la'asar, yana kishingiɗe a tabarma ina tsince shinkafa. Alhaji ba ya kara waya a kunne, buɗe ta yake yi kowa ya ji. Murya ce ta mace, mai sanyi, Hausarta tas.

"Assalamu alaikum. Daga asibiti ne. Muna magana da Maiwada Idris?"

Ya gyara zama. "Wa alaikumus salam. Shi ne."

"Yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Madalla. Allah ya ƙara sauƙi."

"Amin, 'yata. Yaya aiki? Yaya mutanen gida?"

Waya ta riga ta mutu. Ya dube ta, ya gyaɗa kai, ya ce aiki ne ya yi mata yawa, amma daga jin muryarta an san 'yar gidan mutunci ce. Tun daga ranar ya sa mata suna yarinyar asibiti. Ya ce in tuna masa, ranar da za mu koma, ya yanka mata hanta mai kyau ya kai mata. Na ce to Allah ya kai mu, ni da nake wanke ƙafar ban ga ko huhu ba.

Bayan kowane kira sai saƙo ya shigo da Faransanci. In Sharifa ta leƙo sai ta karanta mana: an ga jikinsa yana kyau, an ɗaga ranar dawowarsa. Muka yi hamdala. Mako ya zagayo, yarinyar asibiti ta sake kira, suka sake gaisawa, aka sake ɗagawa.

A gidan namu akwai wani tsoho Baule, Tonton Kofi, tsohon direban bas. Shi ma suga gare shi, asibitinsu ɗaya da Alhaji, amma shi da Faransanci ake kiransa. In wayarsa ta yi ƙara, duk tsakar gida sai ta san halin da yake ciki. Zai ce ƙafa na yi masa ƙaiƙayi, ido na yi masa yaji, jiya ma bai yi barci ba. Matan gida su yi ta ce masa yako, wato sannunsu ta nan garin, shi kuwa yana ƙara narkewa. Kusan kowane mako sai ya ci ado ya tafi Treichville. Alhaji yakan bi shi da kallo ya ce, "Ƙato da shi, sai raki." Ni ma dariya nake yi, don ƙafar Tonton Kofi ko ƙurji babu.

Tamu ƙafar kuwa kumbura take. Ina wanke ta da ruwan ɗumi da gishiri, ina shafa abin da mai kemis ya ba mu, amma yatsan sai duhu yake ƙarawa. Na ce, "Alhaji, ƙafar nan ba ta yi mini ba." Ya ce, "Barakatu, ke da likita wa ya fi sani? Su da kansu suka ce ana samun sauƙi." Na ƙyale shi, don ban yi boko ba, kuma na ɗauka ko akwai ciwon da sai ya yi baƙi kafin ya warke. Shi kuwa kullum da safe sai ya sa safa, ya tura ƙafar cikin wani tsohon takalmi da ya tsage wa baki, ya tafi kasuwa. Tsoronsa ɗaya ne, kada a ce Maiwada ya kasa tsayuwa a teburinsa.

Matar mahauci ba a koya mata warin naman da ya juya. Ranar da na kwance tsumman na ji shi, na ajiye ƙwaryar ruwan na ce yau sai Treichville. Ya ce ranarsa ba ta zo ba. Na ce ranar tana iya iske mu a can. Na ɗauki gyalena na tsaya a bakin ƙofa, kuma ya san in na tsaya haka ba na zama.

Muka shiga woro-woro, tasin haɗaka ta nan garin, a Indénié, mu huɗu a baya, ƙafarsa a matse. Duk ramin da mota ta faɗa ina ganin jijiyar wuyansa tana tashi, amma hira yake da direba a kan tsadar shanu. Muka ratsa Plateau, muka haye gada, ruwan tafkin da suke kira lagun yana ta ƙyalli a ƙasa.

A ƙofar asibitin akwai mai gadi riƙe da wata 'yar na'ura. Kowa sai ya nuna lambar da aka turo masa. Ya duba tamu, ya girgiza kai, ya ce ranarmu da saura. Na haɗa Faransancina na kasuwa da Jula na ce masa ƙafa ta lalace, ya bar mu mu ga ko da nas ce. Yaron ba mugu ba ne. Ya ce, "Yako, maman. Ba ni ke zaɓa ba, in lamba ba ta buɗe ba ƙofar ma ba ta buɗewa." Sannan ya juya ga Alhaji, wanda ke tsaye ƙyam da hularsa da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"Vieux, ça va pas?" Wato tsoho, ba lafiya ne?

"Ça va, ça va," in ji Alhaji, wato lafiya lau, har da ɗaga hannu.

Da ƙasa za ta tsage da na tura shi ciki. Mai gadin ya nuna mana wata ƙofa a gefe, ya ce in abin gaggawa ne ga wajen 'yan gaggawa can. Alhaji ya leƙa, ya ga ana shiga da wani a kan gadon turawa, jini ya jiƙa masa riga. Ya ce wannan ƙofar ta waɗanda aka ɗauko ranga-ranga ce, shi kuwa da ƙafarsa ya zo, ba zai tare wa mai neman rai hanya ba. Ya juya ya nufi titi. Na bi shi muka koma gida.

Allah ya sa kiran da ya biyo baya Sharifa tana gidan. Tana zaune tana cin attiéké, dambun rogon nan garin, lokacin da Tonton Kofi ya gama nasa kiran a tsakar gida, ba a jima ba tamu wayar ta yi ƙara. Yarinyar asibiti ta ce yaya jiki, Alhaji ya ce da sauƙi, ta ce madalla. A lokacin zazzaɓi ya fara rufe shi, ko kasuwa ya daina zuwa. Sharifa ta tsaya da loma a hannu. Ta tashi ta fita wajen Tonton Kofi, na jiyo su suna magana da Faransanci, ta dawo fuskarta ta canza.

"Papa, kullum abin da take tambayarka ke nan?"

"Ba tambayata take ba. Gaishe ni take."

"Papa, c'est pas une personne. Ba mutum ba ce, machine ce. Shi Tonton ce masa take, ciwonka ya ragu, ko yana nan, ko ya ƙaru? Kai kuma an juya maka shi yaya jiki. Duk ranar da ka ce da sauƙi, sai ta mai da kai ƙarshen layi."

Alhaji ya daɗe yana kallon wayar. Ina jin abin da ya fara yi masa ciwo shi ne hantar da ya yi niyyar kai mata.

Ya ce, "To me ake so in ce?"

"Ka ce babu sauƙi."

"A'uzu billahi. Ina numfashi, ina cin abinci, ina salla ko da a zaune ne, sannan in buɗe baki in ce babu sauƙi? Ƙarar wa zan kai, kuma wajen wa?"

Sharifa ta ce to ita za ta faɗa. Akwai lambar da ake iya kira a koma kan tambayar, ta kira, muryar ta ce yaya jiki, ta ce babu sauƙi. Sai aka ce mata ba a gane muryar ba, a ba maras lafiya da kansa. Ashe an yi haka ne don kada dangi su riƙa yi wa nasu ƙarya suna ƙwace layi. Ta miƙa wa ubanta wayar.

"Yaya jiki?"

Ya yi gyaran murya. "To, ana dai fama."

"Ba mu gane ba. Yaya jiki?"

"Sai addu'a."

"Ba mu gane ba. Yaya jiki?"

"Jiki dai sai a hankali, 'yata."

Duk Bahaushen da ya ji dattijo kamar Alhaji ya ce sai addu'a, takalminsa zai nema ya taho. A wajenmu ai an gama magana ke nan. Labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa wannan ba ta da idon ganin fuska, kalma biyu kawai aka koya mata, kuma ɗaya daga ciki ba mai faɗinta.

Na durƙusa na yaye tsumman da ke kan ƙafar, na bar shi ya gani da rana tsaka, shi da ya daɗe yana kau da kai in ina wankewa. Baƙin ya wuce yatsa ya hau bayan ƙafa. Tsoro nake ji, kuma na gaya masa ina jin tsoro. Na ce, "Alhaji, Allah ya san abin da ke ƙarƙashin tsumman nan tun kafin ka faɗa. Ba shi kake gaya wa ba. Ƙarfe kake gaya wa. Ka faɗa ko don ni."

Ya dubi ƙafar, ya dube ni. Muryar ta sake cewa yaya jiki, da sanyinta kamar kullum.

Ya ce, "Babu sauƙi."

"Sannu. Ka zo gobe da safe. Za a turo maka lamba."

Shi ke nan. Abin da na je har Treichville ina roƙo ban samu ba, ga shi ya zo kafin a ƙifta ido. Alhaji ya ajiye wayar a kife, ya juya fuskarsa ga bango, na ji yana istigfari ƙasa-ƙasa. Ranar bai ci komai ba.

Da safe lambar ta buɗe ƙofa ba gardama. Likitan da ya kwance ƙafar ya ja numfashi, ya tambaya me ya sa muka zauna har abin ya kai haka. Nan fa na manta da kunya. Na ce wa Sharifa ta fassara masa kalma-kalma, kada ta rage: mun zo, ƙofarku ta kore mu, kuma ku ne kuke turo mana saƙo kuna cewa yana warkewa. Likitan bai yi fushi ba. Ya kira wata nas babba, Madam Afuwe, ta buɗe kwamfuta ta nemo sunan Alhaji. Tun daga kiran farko har na kusa da ƙarshe alamarsa koriya ce shar, wato ta mai samun sauƙi.

Sharifa ta yi mata bayanin yaya jiki da da sauƙi. Matar ta saurara, sannan ta nemo sauran waɗanda suka zaɓi Hausa, ta yi ta gangarawa da yatsa. Kusan dukansu kore ne. Ta dafa goshi. Ta ce a taron da suka yi kwanan baya har yabon tsofaffin Hausawa aka yi, an ce sun fi kowa shan magani a kan ƙa'ida, shi ya sa suke saurin warkewa. Ta ce wani ɗalibi aka ba aikin fassarar, yaro mai ladabi, shi ya ce a Hausa ba a tunkarar babba da tambayar ciwo gatsau, sai an sa ta cikin gaisuwa. Kuma gaskiyarsa. Na nemi wanda zan zaga a ɗakin nan na rasa, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Kowa alheri ya nufa, garin neman gira aka rasa ido.

Madam Afuwe ta ce za su gyara tambayar, kuma za ta sa a kira mutanen nan ɗaya bayan ɗaya da bakin mutum. Na san wasu daga cikinsu. Akwai wata tsohuwa mai sayar da goro a Williamsville da muka yi zaman makokinta ba da daɗewa ba, kuma har ranar da ta cika, duk wanda ya leƙa ta da sauƙi take ce masa. Ban sani ba ko sunanta yana cikin koren, kuma ban tambaya ba.

An yanke gaban ƙafar Alhaji, yatsun duka da abin da ke bayansu. Likita ya ce mu gode Allah da bai kai gwiwa ba, muka gode. Amma mahauci a kan yatsunsa yake tsayawa in zai sauke gatari a kan ƙashi, wannan ko ni na sani. Teburin ya koma hannun Harisu, ɗan ƙanensa. Alhaji ya aika masa da wuƙaƙensa a naɗe cikin buhu, bai ce a gaya masa komai ba.

Da muka dawo gida sai 'yan dubiya suka fara zuwa. Mata na shigowa wajena, maza su zauna da shi a ɗaki. Na lura in an ce masa yaya jiki sai ya ɗan yi jim, kamar mai neman inda zai taka, sannan ya ɗaga hannu kawai ya ce a zauna. Mutane suka ɗauka gajiya ce.

Sai ga Alhaji Abdussamad, dillalin shanu, amininsa tun suna samari, mota ɗaya ta kawo su garin nan tare da garken wani. Ya dawo daga tafiya ne ya ji labari. Ya yi sallama, na shimfiɗa masa darduma, na tsaya zuba masa ruwa.

"Maiwada, ashe abin da ya faru ke nan. Sannu. Yaya jiki?"

Na ɗago kai na dubi maigidana. Yana kallon abokinsa, ba fushi a fuskarsa, sai wani irin rashin tabbas da ban san shi da shi ba.

Ya ce, "Abdussamad, gaishe ni kake yi, ko tambayata kake yi?"

Na ji kamar an mare ni. Mutum biyu da suka shekara arba'in suna gane juna da rabin kalma, yau ga ɗaya yana neman a yi masa fassara. Ƙafar da aka yanke ban yi kuka a kanta ba, amma wannan ta kawo mini hawaye.

Alhaji Abdussamad ya buɗe baki zai ce haba, sai ya fasa. Ya dubi ƙafar da ke naɗe a kan matashi. Ya cire hularsa ya ajiye, ya ja dardumar ya matsa har gwiwarsa ta taɓa katifa.

Ya ce, "Tambayarka nake."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Can ya fara magana, a hankali, da wata murya da ban taɓa ji ba. Ya ce yatsun da babu su suna yi masa zugi. Ya ce in ya ji ƙarar gatari daga wajen mai tsiren bakin titi sai ya ji kamar ya toshe kunne. Ya ce yana jin tsoron ranar da zai fita da sanda, yaran kasuwa su tashi su ba shi kujera.

Na ajiye butar na fita, na ja musu ƙofa. Tonton Kofi yana zaune a inuwa da rediyonsa, matan gida suna wanki. Na je na kunna famfo a kan bokitin da ya riga ya cika, na bar ruwan yana ta zuba, don kada su ji.